Gilashi Ya Shiga Tsakanina da Baka

Yaya,

Assalamu alaikum. Ya jiki, ya aiki, ya iyali? Mutan Dilimi lafiya lau, ni dai hankalina ba a kwance yake ba.

Likita ya ɗora min gilashi. Ranar Asabar na fita farauta da bakan marigayi Baba. Na hangi zabuwa tangaran a gindin dutse, amma ina sakin kibiya tsirkiya ta fizge gilashin, ya tarwatse. Shugaban mafarautanmu ya ce, "Malam, sai ka zaɓi ɗaya."

Tun ranar na kasa zama a shago. In ɗauko bakan, in mayar.

Kai ka zauna da Baba lokacin da idonsa ya raunana. Ya daina fita ne, ko ya samu dabara? Don Allah ka faɗa min gaskiya.

A sa ni a addu'a. Gaida kowa.

Ƙaninka