Ƙwaryar Baba Nomau

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hassi, a makwancinki na Sae Sabuwa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa a durƙushe, yadda kika koya mini, ina sanar da ke cewa har yau ban bar aikin ba. Kin roƙe ni, kin aiko liman ya roƙe ni, har kin rasu kina fushi da farar rigata. Yau zan faɗa miki dalilina, kuma ba haƙuri na zo ba ki ba.

Kin tuna lokacin da aka sauke tutar Faransa, aka tura ni wata ƙaramar likita, wato asibiti, a ƙasar Gazawa, ɗakin masu taɓin hankali? Mu biyu ne, ni da Rabi 'yar Gidan Sori. A bakin rijiya mata sukan janye tulunansu in mun iso, wai hauka yana bin riga. Ke ma haka kika ce, Inna.

Abin da na ɓoye miki shi ne tsoro. Kullum da shi nake buɗe ƙofar ɗakin. Rabi ta fi ni shan wuya, ta rame, abinci ya daina shigarta. Majo, shugabanmu, ya ce mai son kuka ta koma ɗakin uwarta.

Ana nan aka kawo Baba Nomau, tsohon sarkin noma. Damina biyu ya yi a turu, gungumen da danginsa suka saka ƙafarsa ciki, har ta yi gyambo. Muka cire shi, aka yar da turun bayan ɗaki. Kwana uku lafiya lau. Ran na huɗu Rabi ta kai masa fura, ya kwaɗa mata ƙwaryar a goshi. Majo ya ce gobe a mayar da Baba Nomau cikin turu.

Na ce wa Rabi ta gwada mini yadda ta ba shi. Ashe a tsaye take, makulli damƙe a hannun dama don ta samu gudu ta kulle, ƙwarya kuma a hagu. Da hagu, Inna, ga mutumin da rumbunsa ya ciyar da gari.

Nan take na gan ki gaban Kawu Sanda, ƙaninki, shekarar da ciwon ya kama shi. Kikan durƙusa, ki kurɓi furar a gabansa don ya san ba sammu ciki, sannan ki miƙa da dama. Kikan ce mana: “Hankalinsa ne ya yi tafiya, girmansa yana nan.”

Na je na gaya wa Majo hannuna ba zai taɓa turun nan ba. Ya ce zai rubuta ƙarata zuwa buro, ofishin manyanmu. Na ce ya rubuta, ni zan kai masa takardar, amma ya ba mu safiya ɗaya. Kuma ban yarda in shiga a madadin Rabi ba, don na san in ba ta shiga ranar ba, ta bar aikin ke nan.

Da safe Rabi ta ba ni makullin. Ta shiga ta durƙusa, ta gaishe shi da gona, ta kurɓa, ta miƙa da hannu biyu. Ya daɗe yana kallonta, ni ina ƙofa riƙe da makullin. Sai ya karɓa, ya ce: “Ɗiyar wane ce ke? Allah shi yi miki albarka.”

Tsoro bai bar mu gaba ɗaya ba, ƙarya ba kyau. Amma mun daina kai shi gida. Bayan la'asar mukan zauna gindin itacen bedi, kowa ta faɗi abin da ya firgita ta ranar, mu yi kuka ko dariya, mu tashi. Majo ya ce gulma ce. Ya faɗi son ransa, Rabi dai ta murmure.

Kin san a kan me muke zama? Turun Baba Nomau. Mu biyu muka ja shi can, kuma ƙafar mutum ba ta sake shiga cikinsa ba.

To Inna, in aikin nan laifi ne, wurinki na koya. Ina kewarki sosai. Allah Ya haskaka kabarinki, Ya miƙa miki littafinki a hannun dama.

'Yarki mai taurin kai,
Habsu