Shafi Goma Sha Biyu

Litinin, 3 ga Yuli 2023
Na fara sitaj, wato koyon aiki na hutu, a biro, ofishin da ke nemo wa kwalejinmu tallafi. Mu biyu aka ɗauka, ni da Nafisa 'yar unguwar Miskine. Madam Amariya, shugabar biron, ta ce ɗaya za ta riƙe idan hutu ya ƙare. Aikin: rubuta dosiye, takardun neman tallafin ɗakin karatu mai sola, don kuran, wutar lantarki, ya ishe mu da ɗaukewa.

Alhamis, 6 ga Yuli
Nafisa ce za ta rubuta dosiyen. Ni kuwa karanta ƙa'idojin masu tallafin da fotokofi. Wai Faransancinta kamar ruwa. To, sai me? Ni na fi ta maki a aji.

Talata, 18 ga Yuli
Madam ta karanta gabatarwar Nafisa a gaban kowa, har da dafa ƙirji. Na tafa. Hannuna kawai.
Na kai ƙara wurin Inno a rumfarta ta atamfa. Ko ɗago kai ba ta yi ba, tana ta awo. "Khairiyya, rabon wani ba ya shiga aljihunki don kin harare shi." Haushi biyu ke nan.

Juma'a, 21 ga Yuli
Na ga wani abu. Ƙa'ida ta bakwai: dosiyen da ya wuce shafi goma, ba a ko buɗe shi. Na Nafisa goma sha biyu ne. Ba wanda ya lura. Alhamis za a aika.
Ban ce komai ba. Ai ba a tambaye ni ba.

Litinin, 24 ga Yuli
Nafisa ta kawo mini makala, irin fanken nan, a leda, wai ta ga ban karya ba. Me ya sa ba za ta zama muguwa ba, in huta?

Laraba, 26 ga Yuli
Ruwa ya tsare mu a biro bayan la'asar. Nafisa tana ta gyaran waƙafi, ta ce tun da suka bar gidansu lokacin rikici ba ta sake samun tebur nata ba, a kan tabarma take karatu da fitilar waya. "In aka gina ɗakin nan, sai an kore ni da tsintsiya." Tana dariya.
Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na tura mata ƙa'idar. Ta karanta sau biyu.
"Tun yaushe kika gani?"
Na ce tun Juma'a.
Ta daɗe tana kallona. Sai ta jawo mini kujera. "Zo ki nuna mini abin da za mu yanke."
Gabatarwar nan muka fara yankewa. Ina tsammanin zan ji daɗi. Ban ji ba.

Alhamis, 27 ga Yuli
An aika, shafi goma cif. Ta gaya wa Madam ni na gano. Maganar Juma'a ba ta fito daga bakinta ba.

Alhamis, 31 ga Agusta
Nafisa aka riƙe. Ya yi mini zafi, ba zan yi ƙarya ba, na yi kuka a banɗaki.
Amsar masu tallafin sai Nuwamba. Na ce ta kira ni ranar da ta zo, kome dare. Don shafukan da na yanke ne kawai, ina so in san ko na yanke daidai.
Na karɓi yadi uku a wurin Inno, shuɗi. Shuɗi na yi wa Nafisa kyau.