Kirinjijiya Sun Dawo Bayan Gidanmu

Yaya Salisu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina aiki, yaya zaman Abijan? Yaya Hajara da yara, da fatan kowa lafiya. Mu nan Ƙonni sai dai a ce da sauƙi.

Kirinjijiya sun dawo tabkin bayan gidanmu. Ka tuna kukansu da muke ji muna yara, kafin tabkin ya ƙafe Baba ya gina gida a gefen da ya bushe? Yanzu yara 'yan lakwal, da an tashi daga karatu, ke taruwa suna kallo, manya na ɗaukar hoto da waya. Amma ka san tsuntsun nan ba ya sauka sai inda ruwa zai zauna. Damina ta wuce, ruwan bai ja ba. Katangar gabas ta jiƙe har gwiwa, jiya madafa ta zube.

Kawu Idi na Malbaza ya ba mu ɗaki, amma Inna ta ƙi tashi. Ta ce da ni, "Rabi, inda Malam babanku ya aje ni, nan za a ɗauki gawata." Har gero take watsa wa tsuntsayen, wai baƙi ne.

Don Allah ka kira ta, maganarka kaɗai take ji. Ka gaida Hajara, ku sa mu a addu'a. Waɗannan ba baƙi ba ne, Yaya. Masu gida ne suka dawo, mu ne baƙin.

Ƙanwarka,
Rabi