Aikin da Faisal Zai Samu a Riyad

Daren Juma'a, unguwar Ka'akiyya, Makka

Yau ma Faisal bai raka ni unguwar Nakkasa gaishe da Yaya Sani ba. Tun da maganar aikin nan na Riyad ta taso ya ɗauke ƙafa daga gidan kawunsa.

Da na dawo na tsare shi a kicin. Ya ce kamfanin da zai ɗauke shi aiki, kwamfuta yake son ɗorawa a jikin tauraron ɗan'adam, ta yadda in an harbo makami mai linzami, tun daga sama za ta gane shi ta lissafa inda ya nufa, ba sai an jira hoto ya sauko ƙasa ba.

"Ummi, daƙiƙa kaɗan na iya ceton gari," in ji shi.

Ban musa ba. Ni ma ban runtsa ba daren da aka ce an kakkaɓo wani kafin ya iso Makka. Amma me ya haɗa wannan da kawunsa?

Ya daɗe yana juya cokali a shayi kafin ya ce sun tambaye shi ko yana da dangi marasa iƙama, wato takardar izinin zama.

"Ka ce musu me?"

"Na ce ba ni da su."

Alhali Yaya Sani ba shi da iƙama. Masu idon da ke hango makami daga wata ƙasa, rufin kwanon Nakkasa ne zai gagare su? Zuciyata na ba ni sun riga sun sani, gwada yaron kawai suke yi.

Gobe zan ce wa Yaya ya sauya wurin kwana. Kuma ba zan gaya wa ɗana inda ya koma ba.