Lallen Ƙafar Dama

Nuzla, Jidda

Yaya Barakatu,

Sallama da gaisuwa. Yaya Inna da yara?

Ki kwantar da hankalinki, an yi mini aikin ciwon dajin nan. Sun ɗaure ƙafar dama, suka raba jininta da na jikina, wani inji yana zagayawa da shi tare da magani mai zafi. Likita ya ce ƙarin yana raguwa, wataƙila ba za a yanke ta ba.

Abu ɗaya dai. Lallen da na ƙunsa kafin aikin ya kusa fita daga faratan ƙafar hagu. Na dama yana nan ja wur, farcen ko tsiro bai yi ba, kamar ƙafar ba ta san watanni sun wuce ba.

Kada Inna ta ji wannan. Ki ce dai ta yi mana addu'a, ni da ƙafar.

Ƙanwarki,
Naja'atu