Ba Kifi Ba Ne, In Ji Runa

Newcastle, farkon Yuni

Zuwa ga Yaya Gunvor,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, gwiwar nan kuma ta yi sauƙi. Yaya maigidanki Arnfinn? Yaya kyanwata, ta huce da ni kuwa? Na san kin ce in riƙa bugo waya, amma ni da ke mun san yadda hirarmu ta waya take ƙarewa, ni ina ta ihu, ke kina ta "me ka ce?" Sai ki haƙura da rubutun tsohon malamin makaranta.

Kin yi gaskiya. Ga shi na faɗa, amma kada ki saba ji. Tun rasuwar matata Tordis nake zaune ina kallon bango, da ba ki tasa ni gaba na karɓi aikin nan ba da har yanzu ina can. Aikin ba wuya: in tsaya gaban fasinjojin jirgin ruwan yawon buɗe ido da hantsi in ba su tarihin Rumawa da na kakanninmu 'yan Viking, su kuma su saurara ba mai jifan wani da takarda. Ana ɗaukar laccar da na'ura, a yini ana maimaita ta a talabijin ɗin kowane ɗaki. Ranar farko na shiga ɗakina na iske kaina ina yi wa kaina bayani. Ashe haka sanƙona ya ci gaba ta baya, ba wanda ya taɓa gaya mini, har ke.

Jiya na raka su ganuwar Rumawa. Ruwa ya yi mana dukan tsiya, amma na ɗora hannuna a kan dutsen da wani soja ya sassaƙa tun kafin a san da ƙasarmu, sai na ji raina ya yi fari. Rabona da jin haka har na manta.

Abu biyu ne kawai ke ɓata mini rai. Na farko, kantin cikin jirgin yana sayar da kwalkwalin roba mai ƙaho biyu, wai na 'yan Viking. Yaya, rayuwata duka na ƙarar da ita ina gaya wa yara cewa mutanen nan ba su taɓa ɗora ƙaho a kai ba, ga shi ana sayar da ƙaryar a ƙofar zauren da nake magana. Na biyu kuwa mace ce, sunanta Runa Isaksen, ita ke lacca kan tsuntsaye da dabbobin teku. Ran nan ina tsakiyar bayani, zaure ya cika, na kai sojojin Rum bakin kogi ke nan, sai muryarta ta ɓarke ta lasifika wai an ga hval, ƙaton abin tekun nan mai siffar kifi da ya fi giwa girma, a hagun jirgi. Kafin in rufe baki an watse. Wata tsohuwar Baturiya, Misis Pendlebury, da ke tafiya da sanda, ita ta riga kowa fita.

Wajen cin abinci na same ta, na ce mata cikin ladabi kifinta ya kwashe mini jama'a. Ta ajiye cokali ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ba kifi ba ne, malam. Da huhu take numfashi, kuma nono take ba ɗanta, kamar yadda aka ba ka." Washegari ta zo laccata ta zauna a layin gaba da kwalkwali mai ƙaho a kanta, fuska ba dariya. Na ƙudurta ba zan daina ce masa kifi ba har mu sauka.

Makullin gidana yana wurinki, don Allah ki riƙa leƙa shukokin taga. Ki gaida Arnfinn.

Ƙaninki,
Eilif

Lerwick, ranar Lahadi

Yaya Gunvor,

Gaisuwa da yawa. Ina fata kowa lafiya, ni ma lafiya lau, har na ƙara ƙiba. Na ga saƙonki na waya, kalma uku rak, "Wace ce Runa?" Na rubuto miki shafi biyu a kan ganuwa da Rumawa, abin da kika tsinta ke nan.

To, 'yar Andenes ce, mahaifinta masunci ne. Sa'ata ce ko ta ɗan gaza ni. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'yarta ɗaya tana aure a Bodø. Gashinta fari fat, a gajarce, iska ta gasa mata fuska, kuma ba ta rabo da madubin hangen nesa a wuya, ina jin da shi take barci. Muna nan muna yaƙinmu. Ita ta sa rabin fasinjoji sun sayi ƙaho, yanzu in na hau dandamali sai in ga kamar garken shanu nake wa lacca. Ni kuma duk inda na gan ta sai in tambaye ta lafiyar kifayenta.

Sai dai ban san yadda aka yi ba, kullum da safe yanzu tare muke shan kofi a saman jirgi. Tana da cukun nan namu mai ruwan ƙasa a jakarta, wai ba ta yarda da na jirgi ba, takan yanko mini. Tana nuna mini tsuntsaye, ni kuwa duk fari ne da baƙi a idona, in ta tambaye ni suna na kuskure sai ta ce ɗalibaina sun sha wahala. A Kirkwall na kai ta ta ga rubutun da kakanninmu suka karce a bangon wani tsohon kabari. Na karanta mata, ta ji ashe yawanci alfahari ne da zancen mata, ta yi dariya har da riƙe bango. Ta ce to yanzu ta yarda danginmu ne.

Akwai wani irin hval da take nema, shuɗin, wanda ya fi kowace dabba girma a duniya. Duk daɗewarta a teku sau ɗaya ta taɓa ganinsa, shi ma daga nesa cikin hazo. Ta ce a arewacin Iceland akan dace a irin wannan lokaci. In tana maganarsa muryarta takan yi ƙasa, sai in ga ba shi nake tunani ba, ita nake kallo.

Yaya, ba zan ɓoye miki ba, ina son matar nan. Na yi zaton wannan ƙofar ta rufu tare da Tordis. Da na fara gane abin da ke faruwa na ji kunya, na zauna da hoton Tordis ina jiran in ji nauyi a zuciyata, amma abin da na tuna shi ne yadda take ce mini kada in kuskura in zama tsoho mai magana da kyanwa. Matsalar ita ce a Reykjavik Runa za ta sauka. Daga can wani jirgi za ta hau zuwa ƙanƙarar arewa, in sanyi ya shigo kuma ta wuce tekun kudu. Kusan shekara ke nan. In ban yi magana kafin mu isa ba, shi ke nan, mu ba yara ba ne da za a ce sai wata shekara.

Kada ki gaya wa Arnfinn, kin san bakinsa.

Naki,
Eilif

Torshavn

Yaya,

Ina gaisuwa. Ina fata gwiwa da sauƙi. Na ga saƙonki, "Gaya mata, sakarai." Na kuma ga na Arnfinn, na gode da riƙon amana.

Na gwada. Mutumin da ke tsayawa gaban ɗaruruwa ya yi awa guda ba takarda, sai ga shi gaban mace ɗaya bakinsa ya mutu. Karo na farko na tattaro ƙarfin hali na ce mata akwai maganar da nake so mu yi, ta ce tana ji, sai wani tsuntsu mai jan baki ya gifta da ƙananan kifaye a bakinsa, ta danƙi hannuna ta ce in duba. Na duba. Karo na biyu na fara da kyau, amma don tsoro na bi ta tarihi, na wayi gari ina yi mata bayanin yadda Rumawa ke ɗaura aure. Ta saurara har ƙarshe ta ce ya kamata in sa wannan cikin lacca. Na uku kuwa teku ce ta tashi, na wuni a kwance fuskata kore shar, ita ta aiko mini da busasshen biskit da saƙon cewa jikan 'yan Viking ya ji kunya.

Ban ma san ko tana ji a ranta yadda nake ji ba. Wataƙila ni abin dariyar tafiya ne kawai. Saura lacca ɗaya, kan matan 'yan Viking da yadda uwargida ke rataya makullan gida a ɗamararta, kowa ya gani ya san ita ke da gidan. Daga nan sai Reykjavik. Ki sa ni a addu'a.

Eilif

Reykjavik, ranar Laraba

Zuwa ga Yayata Gunvor,

Gaisuwa mai tarin yawa gare ki da Arnfinn. Ina fata kuna lafiya. Wannan wasiƙar hotonta zan ɗauka in turo miki ta waya, don gidan waya ba zai riga mu isowa ba. Ki nemi kujera kafin ki ci gaba.

Ranar laccar ƙarshe muna arewacin Iceland, teku kwance luf, rana ta fito. Na yi mamakin ganin Runa a zauren, can baya, da ƙahonta, don a irin wannan wuri ba ta saukowa daga wajen kyaftin. Na ce a raina ta zo tsokana ne. Na fara, na kai daidai wajen makullai, har na haska hoton wani makulli da aka tono a kabarin wata mata, sai lasifika ta buɗe. Wannan karon kyaftin ne da kansa. Ya ce shuɗin hval ne, dab da jirgi ta dama, ya kuma kira sunan Runa ya ce duk inda take ta fito.

Kin san sauran. Kujeru suka yi ta ƙara, Misis Pendlebury ta sake cin tsere. Ban ji haushi ba ko kaɗan, murna ma nake taya Runa. Na duƙa ina tattara takarduna, da na ɗago sai na gan ta zaune inda take. Ita kaɗai a zauren, madubinta a cinya.

Na ce mata, "Runa, kifinki ya zo. Tashi ki je."

Ta ce, "Ba kifi ba ne. Ci gaba, malam, ka tsaya a wajen makullai. Mako biyu kana kewaye-kewaye, ina so in ji ƙarshen laccar nan."

Yaya, na sauko daga dandamali, ban san abin da na faɗa daidai ba. Na dai ce ina da gida a Haugesund mai kallon teku, da kyanwa mai baƙin hali, da taga da ake ganin tsuntsayen da ban san sunansu ba, kuma makullin gidan ba shi da mai rataya shi. Na ce in za ta karɓa, nata ne. Ta miƙo hannu ta ce in ba ta. Na laluba aljihun dama, na laluba na hagu, sai katin buɗe ɗakina na jirgi na zaro. Sai a lokacin na tuna makullin yana rataye a kicin ɗinki.

Ta yi dariya har ƙahon ya faɗo, sannan ta share ido ta ce ta karɓa. Muka fita da gudu irin namu na tsofaffi, amma hval ɗin ya riga ya nutse, sai wani faffaɗan wuri a kan ruwa sumul kamar an goge tebur. Na ji ba daɗi ƙwarai, na shiga ba ta haƙuri. Ta ce in bari, su suna da tsawon rai, za su jira, ni ne ba ta tabbata zan sake samun bakin magana ba.

Saura abin kunyar. Na manta ɗan makirufon lacca yana maƙale a rigata, na'urar kuma ba wanda ya kashe ta. Yaron da ke kula da ita shi ma ya tafi kallo. Da yamma aka saka laccar a talabijin yadda aka saba, daga farko har zuwa laluben aljihu. Da muka shiga cin abincin dare kowa ya miƙe, kowa da ƙaho, har kyaftin, ana ta tafi. Misis Pendlebury ta zo da sandarta ta ɗora mini nata a kai, ta ce wannan ce laccar da ta fi ganewa. Na bar shi a kaina har aka tashi. Akwai hoto, in ya zo hannunki kada tsofaffin ɗalibaina su gani. Ni ma na tsaya gaban jama'a na amsa cewa ba kifi ba ne.

Ina cikin farin ciki, Yaya, irin wanda ban yi tsammanin zan sake gani ba, kuma ke kika tura ni cikinsa. Runa za ta cika alkawarin aikin arewa, na kudu kuwa ta ce su nemi wani. Tana da 'yan kwanaki kafin jirginta ya tashi, ta ce da ƙafarta za ta zo ta karɓi abin da aka yi mata alkawari. Jibi Juma'a za mu iso. Ki gaya wa Arnfinn ya sa riga mai kyau ya kuma kama bakinsa. Ke kuma don Allah gobe ki ɗauki makullin nan ki biya ta kantin Sverre, ki ce ya yanka mini na biyu.

Ƙaninki mai ƙaunarki,
Eilif