Karyayyen Yatsana a Kaset Ɗinku

Utaiƙa, Riyad, 1984

Yaya Gidaɗo,

Ka zaci kaset ba ya ƙetare teku ne?

Ina gaisuwa. Yaya ƙafar Inna, yaya Rekiya da yara? Ka ce musu lafiyata ƙalau. Siminti ya ɗan ci min hannu, fasfona yana wurin kafil, ubangidan da ya ɗauke ni aiki, amma ana ci ana sha.

Jiya wani sabon lebura daga Kano ya zo da kaset ɗin ƙungiyar kiɗanku na farko. Kiɗan rokanrol ɗin nan ne da muka koya daga tsohon faifan garmahon Amurkawa, kuma ni na tsara kiɗan jitar a zaurenmu. Na juya bangon gaba da baya, babu sunana. Don rashin kunya, har tsallake tsirkiya ta uku da nake yi saboda karyayyen yatsana ka kwaikwaya, ka ɗauka gwaninta ce!

Allah ya raya yaran. Kai kuwa ban yafe ba, kuma ranar da na sauka, a kan dandamali zan same ka. Kafin nan, ran Asabar in kulob ɗin da kuke kiɗa ya cika, ka ɗaga lafiyayyun yatsunka ka gaya wa jama'a: me ya hana ka taɓa tsirkiyar?

Ƙaninka,
Bashari